Kwana Biyar Ba Tuwo, Kwana Biyu Ciki Dam: Ina Kilo Biyun Suka Tafi?

  

A makon nan mun ajiye batun da muka shirya, saboda wani saƙo da ya shigo mana daga wani ƙaninmu ɗan aji biyar na sakandare, ɗan makarantar jeka-ka-dawo. Ga abin da ya rubuto:

"Yaya, na fara ɗaga ƙarfe a unguwarmu wata uku ke nan. Na ga wani tsarin cin abinci a waya, wai mutum ya bar tuwo da shinkafa da biredi daga Litinin zuwa Juma'a, sai nama da ƙwai da mai kawai. Asabar da Lahadi kuma ya ci iya cinsa. Sun ce teɓa za ta zube, damtse ya cika. Na yi kwana biyar, na hau sikeli na ga kilo biyu sun tafi. Matsalar ita ce Umma ta ce idan na ƙara dawo mata da tuwo za ta haɗa ni da Baba. Don Allah ku ba ni dabarar da zan shawo kanta."

To ƙaninmu, ka yi haƙuri, ba za mu taya ka shawo kan Umma ba. A wannan shari'ar ita ce da gaskiya. Amma da yake kai ɗalibin bayoloji ne, "Umma ta ce" kaɗai ba za ta ishe ka hujja ba, don haka bari mu bi sawun kilo biyun nan mu ga inda suka shiga.

Ba a bakin wani muka ji labarin wannan tsari ba, a ɗakinmu muka gani. A shekararmu ta farko a jami'a mu huɗu ne a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma ɗaya daga cikinmu ya ɗauki wannan tsari da gaske. Ranar da kuɗin wata suka shigo masa ya sayo kiret ɗin ƙwai biyu, da kifin gwangwani, da man shanu, ya kyautar mana da buhun garin kwakinsa yana cewa shi ya gama da abincin da ke sa tumbi. Muka karɓa da godiya. Litinin da Talata yana ta fara'a. Laraba ya tashi da ciwon kai, magana kaɗan ya yi fushi. Alhamis bakinsa ya fara wani irin wari mai kama da ruwan goge jan farce, har muka rasa wanda zai faɗa masa. A lacca kuwa yana zaune ido biyu amma littafinsa fari fat. Ranar Juma'a da yamma ya hau sikeli a wani kantin magani, ya dawo yana murna: kilo biyu da ɗoriya sun tafi.

Asabar da asuba sai aka buɗe gari. Indomi uku da biredi da shayi mai kauri, da rana shinkafa faranti biyu, da dare masa da lemon kwalba. Lahadi da yamma ya tsaya gaban madubi, kuma tsakani da Allah damatsansa sun cika, ƙirjinsa ya taso. Ya ce, "Kun gani ko?" Mun gani. Abin da bai so mu gani ba shi ne sikelin ranar Litinin, wanda ya nuna kilo biyun nan sun dawo gida lafiya.

A lokacin mu ma ba mu san dalili ba. Sai da muka yi kwas ɗin da ya shafi yadda jiki ke sarrafa abinci muka gane cewa babu wani abin mamaki a ciki.

Tuwo da shinkafa da doya da dankali da biredi da fura, duk abinci ne mai sitaci, wanda malamin bayoloji yake kira kabohaidiret. Idan sun shiga ciki, jiki yana narkar da su su koma wani sukari mai suna gulukos, shi ne makamashin da jini ke rarrabawa ko'ina. Wanda ba a buƙata nan take, jiki yana ɗaure shi ya adana da sunan gilaikojin. Ku ɗauka jiki yana da rumbu biyu. Ƙaramin rumbu yana hanta, yana ɗaukar kimanin giram 100 a jikin baligi. Babban rumbu yana cikin tsoka, yana ɗaukar kimanin giram 400. Gaba ɗaya rabin kilo ke nan.

Ga inda maganar take. Gilaikojin ba ya zama a bushe. Kun san yadda garin kwaki yake: ka zuba rabin kofi, ka sa ruwa, ka juya baya, ka dawo ka tarar ya cika kwano. To haka yake. Kowane giram ɗaya na gilaikojin yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Idan mutum ya daina cin sitaci kuma yana motsa jiki, rumbunan nan suna ƙarewa cikin 'yan kwanaki, ruwan da ke tare da su kuma ya fita ta fitsari. Rabin kilo na gilaikojin da kilo ɗaya da rabi na ruwa, nawa ke nan? Ga kilo biyunka, ƙaninmu. Ƙari a kan haka, idan sitaci ya yi ƙasa, sinadarin insulin yana raguwa a jini, ƙoda kuma ta riƙa sakin gishiri da ruwa fiye da yadda ta saba. Shi ya sa mai wannan tsari yake yawan zagayawa a kwanakin farko, kuma wannan rashin ruwa da gishiri yana cikin abin da ke kawo ciwon kai da jiri da kasala.

Wanda bai yarda ba ya ɗauko biro mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana ɗauke da ƙarfi kimanin kalori 7,700. Kilo biyu kalori 15,400 ke nan. A raba wa kwana biyar, kowace rana ta samu fiye da 3,000. Wato kafin ka ƙona kitse kilo biyu a kwana biyar, sai kullum jikinka ya yi giɓin kalori fiye da 3,000, alhali yawancin samari masu shekarunka duk abin da jikinsu ke ƙonawa a yini bai wuce haka ba. Ko da ba ka sa komai a bakinka ba sai ruwa, da ƙyar lissafin zai fita. Kai kuwa ƙwai da nama kake ci.

Cikar damtsen ranar Lahadi ita ma tana da nata tarihin, kuma yana da daɗin ji. A shekarar 1966 wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka yi gwaji a jikinsu. Suka ajiye keken motsa jiki guda a tsakaninsu, wannan yana tuƙawa da ƙafa ɗaya daga nan, wancan da ƙafa ɗaya daga can, har ƙafafun suka gaji tilis. Sannan suka yi kwana uku suna cin abinci mai sitaci sosai, suna tsakuro 'yar tsoka daga cinyoyinsu da allura suna aunawa. Sai suka ga ƙafar da ta sha wahala ta tara gilaikojin kusan ninki biyu na ƙafar da ta huta. Ashe tsokar da aka kwashe wa rumbu, idan ta samu abinci, tana cika shi har ya wuce yadda yake da. Masu gudun dogon zango ne suka fara cin moriyar wannan ilimi. Ron Hill ɗan Ingila ya yi amfani da dabarar kafin ya lashe gudun famfalaƙi na gasar Turai a birnin Atens na Girka a 1969.

To abin da abokinmu ya gani a madubi ke nan: tsoka ta sha gilaikojin da ruwa ta kumbura. Ba sabuwar tsoka ba ce. Zuwa Laraba ta sake motsewa.

Shi kansa tsarin kwana biyar da biyu, wanda ya fi yaɗa shi wani likita ne ɗan ƙasar Kanada mai suna Mauro Di Pasquale, wanda ya taɓa zama zakaran duniya a gasar ɗaga nauyi a 1976. A 1995 ya fitar da littafi mai suna The Anabolic Diet. A tsarinsa, ranakun aiki mutum ba zai wuce giram 30 na sitaci da sukari a yini ba, fiye da rabin ƙarfin abincinsa zai fito daga maiƙo, sauran daga nama da ƙwai da kifi, sannan a ƙarshen mako ya ɗura sitaci. Ya gabatar da shi ne ga manyan masu gina jiki a matsayin hanyar da za ta raba su da ƙwayoyi da alluran sitiroyid. Ku lura da waɗanda aka yi wa ɗinkin: ƙarti baligai da suka gama girma, suka shekara da shekaru suna ɗaga ƙarfe, suna da kuɗin nama safe da yamma. Babu ɗan aji biyar a lissafin.

Don ku san ƙanƙantar giram 30: ayaba ɗaya matsakaiciya ta kusa cinye shi. Farantin shinkafa dafaffiya na yau da kullum ya ninka shi fiye da sau biyu. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya ta wuce shi. Kokon safe da ƙosai kuwa ba a ma maganarsu.

Idan aka ƙara komawa baya, asalin hana jiki sitaci kwata-kwata, wanda yanzu ake kira kito, magani ne na asibiti. Tun da daɗewa likitoci sun lura cewa masu farfaɗiya suna samun sauƙi idan sun daina cin abinci, amma ba wanda zai rayu babu ci. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya kawo shawarar abincin da zai sa jiki ya yi kamar yana cikin yunwa alhali ana ci: maiƙo da yawa, sitaci ɗan mitsitsi. A irin wannan hali hanta tana juya kitse ya koma wasu sinadarai da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa ta riƙa amfani da su maimakon gulukos. Ɗaya daga cikinsu, asiton, ta numfashi yake fita, kuma shi ne warin bakin abokinmu na ranar Alhamis. Har yau ana amfani da wannan abinci ga yaran da farfaɗiyarsu ta ƙi jin magani, kuma yana taimakon wasunsu ƙwarai. Sai dai a can ba a barin yaro da shi haka nan. Ana auna abincinsa a sikeli, ana ba shi ƙarin bitamin da sinadaran ƙashi, ana gwada jini da fitsari, ana bin tsayinsa, domin an san abin da yake iya haifarwa: taurin bayan gida, tsakuwar ƙoda, hauhawar maiƙo a jini, da jinkirin girma. Abin da likita ke yi da taka-tsantsan haka, shi ne wani mai bidiyon minti ɗaya yake cewa ku fara gobe.

Akwai kuma wani abu a tsarin biyar da biyu da ya daɗe yana ɗaure mana kai. Jiki yana ɗaukar kwana biyu zuwa huɗu kafin kiton su taru a jini, sabawa da su sosai kuma sai an yi makonni. Kwanakin canjin nan su ne mafi wuya, su ne na ciwon kai da kasala da saurin fushi. Mai tsarin biyar da biyu yana fara fita daga wahalar ke nan sai Asabar ta zo ya ɗura shinkafa, jiki ya koma gulukos, Litinin a sake sabon lale. Kuma a kan wa kwanakin wahalar suke faɗawa? Talata, Laraba, Alhamis, tsakiyar makon karatu. Ƙarfi da walwala kuwa sai Asabar da Lahadi, ranakun da babu aji. In da gangan aka so a tsara abincin da zai cuci ɗalibi, da wuya a yi wanda ya fi wannan. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a hutu, gulukos kimanin giram 120 a yini. Rumbun tsoka ba ya ba ta ko ƙwaya, nasa na tsoka ne kawai. Na hanta take dogaro da shi, shi kuma kwana ɗaya ba ci ya kusa ƙarewa. Kafin kiton su kawo ɗauki, jiki yana ƙera gulukos daga furotin, har da na tsokar da kake ta wahalar ginawa.

Wani zai ce, to ai duk wannan bayani ne, a aikace fa? An gwada. A 2020 masu bincike a Jamhuriyar Cek suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da matasa maza 25 masu motsa jiki. Aka raba su biyu na tsawon mako takwas. Kashi ɗaya suka bi tsarin kwana biyar ba sitaci, kwana biyu ɗure. Ɗaya kashin suka ci abinci gauraye na yau da kullum. Duka an rage musu abinci daidai wa daida, duka suna atisaye iri ɗaya. Da aka gama, ɓangarorin biyu sun rage nauyi da kitse kusan daidai. Bambancin shi ne masu biyar da biyu sun yi asarar ruwa da naman jiki wanda ba kitse ba, ƙarfinsu kuma bai ƙaru ba, su kuwa masu abinci gauraye ƙarfinsu da juriyarsu sun ƙaru. Mutum 25 ba su da yawa, gwaji ɗaya kuma ba ya rufe magana, amma ya tafi daidai da wani babban gwaji na Jami'ar Stanford a Amurka da aka wallafa a 2018. A can baligai 609 masu ƙiba aka bi shekara guda, rabi sun rage sitaci, rabi sun rage maiƙo. Masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da 'yan kai, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Kitse yana tafiya ne idan abin da ke shiga ya gaza abin da ake ƙonawa, ko da tuwo a ciki ko babu.

Kada a ce mun yi son kai: rage sitaci yana da wurinsa. Akwai manya masu ƙiba ko ciwon suga da likita ke ɗora su a kai, wasu kuma yana rage musu jin yunwa har su iya daurewa. Baligin da ya gama girma, yana da lafiya da kuɗi, in ya ga dama ya gwada, jikinsa ne. Maganarmu da ku ce, ku da har yanzu ake ginin jikinku.

Tsakanin shekara 10 zuwa 19 mutum yana samun kusan rabin nauyin da zai yi a girmansa, da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tsayinsa, ƙashi kuma a wannan lokaci yake tara kaso mai yawa na ƙwarinsa. Gini ne da ke da wa'adi. Akwai wani guringuntsi a bakin dogayen ƙasusuwa inda tsayi ke fitowa, idan ya rufe a ƙarshen shekarun samartaka ya rufe ke nan, ba abincin da zai sake buɗe shi. Kilo biyu na ruwa kana iya dawo da su a kwana biyu. Tsayin da ka rasa saboda ka takura wa cikinka a shekara sha biyar, babu kasuwar da ake sayar da shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, a rahoton da ta fitar a 2023, ba ta goyi bayan a sa yara da matasa masu ciwon suga ko masu haɗarin kamuwa da shi a tsarin hana sitaci mai tsanani ba sai da sa idon likita sosai. In waɗanda ke da dalilin rage sitaci an ce a bi a hankali, ina ga mai lafiya da ke neman damtse kawai?

Ƙannenmu mata, kada ku ce wannan zancen maza ne. Mun san a makarantun 'yan mata ma ana yaɗa irin wannan, a can da sunan rage tumbi, wani lokaci har da shayin rage ƙiba. Idan abin da yarinya ke ci ya gaza abin da jikinta ke buƙata na tsawon lokaci, al'ada tana iya rikicewa ko ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, ƙarancin jini ya ƙaru. Duk wadda ta ga haka ta faɗa wa mahaifiyarta a je asibiti, ba abin kunya ba ne. Sannan wannan ɗabi'a ta a ƙuntata kwana biyar a ɓarke kwana biyu, likitocin ƙwaƙwalwa suna tsoronta a jikin matasa, maza da mata, domin tana kama da hanyar da wasu ke bi su faɗa cutar rikicewar cin abinci, inda mutum zai ci har ya ƙoshi ya wuce, sannan ya tsani kansa, ya hukunta cikinsa da yunwa, ya sake komawa.

Masu sikila kuwa, wannan ba naku ba ne ko da wasa. Tsarin da ke matse ruwa daga jiki a kwanakin farko, ga zafin ƙasarmu, ga atisaye a kai, duk wanda ya san sikila ya san rashin ruwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Haka mai ciwon suga da ke allurar insulin, da mai ciwon ƙoda.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce ta ƙarasa abokinmu. Tsarin nan ya haramta wake, domin duk da furotin ɗin da ke cikinsa, fiye da rabinsa sitaci ne. Ku duba fa: wake, naman talaka, ƙosai da alale da ɗanwake duk sun fita. Fura ta fita. Me ya rage? Nama, kifi, ƙwai, man shanu, abincin da a gidajenmu da yawa ake yanka wa kowa ɗan yanki a miya. A ƙasashen da aka ƙirƙiro tsarin, ma'aikaci yana iya cika firji da nama daga albashinsa. Ɗan aji biyar da ke karɓar kuɗin tara a hannun Baba fa? Abin da zai faru shi ne zai bar tuwon, naman kuma ba zai samu isasshe ba, sai ya zauna da ƙwai biyu da yunwa yana kiran abin kito. Abokinmu kuɗinsa na wata sun ƙare a kwana goma sha shida. A mako na biyar jiri ya kwashe shi a filin ƙwallo ranar wata Alhamis, muka riƙo shi zuwa ɗaki. A mako na shida ya zo yana sosa ƙeya yana tambaya ko garin nan da ya ba mu akwai saura.

Kuma wai shin wa ya ce tuwo ne ke sa teɓa? 'Yan gudun Kenya, waɗanda duniya ta sallama musu, babban abincinsu ugali ne, wato tuwon masara ba miƙis, da ganye da wake da shayi mai madara. Wani bincike da aka yi kan manyan 'yan gudunsu a 2004 ya samu kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin abincinsu daga sitaci da sukari yake fitowa. Ku nemi hoton Eliud Kipchoge, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana a 2019, ku nuna mana tumbin. Ko a nan gida, ku dubi manomi a lokacin huɗa, ko ɗan dako a kasuwar hatsi, ko 'yan dambe da 'yan kokawa. Da tuwo da fura aka gina waɗannan damatsa. Hotunan da kuke gani a waya kuma ku riƙa cire musu zakka: akwai fitila, akwai mai da aka shafa, akwai wanda ya ƙi shan ruwa kafin a ɗauka, da yawa kuma akwai allura. Ita allurar sitiroyid a jikin matashi tana iya rufe guringuntsin tsayin nan tun lokacinsa bai yi ba, ban da abin da take yi wa hanta da zuciya. Duk wanda ya tallata muku ita a wajen ɗaga ƙarfe, ku bar masa wurin.

To ƙaninmu, me za ka yi? Sha'awarka ta gina jiki abu ne mai kyau, kada ka bari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son masu shekara 5 zuwa 17 su yi motsa jiki mai sa haki na aƙalla minti 60 kullum, da atisayen ƙarfafa tsoka da ƙashi sau uku a mako. Tsoka tana ginuwa ne idan ka ba ta aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, ka ciyar da ita, ka bar ta ta huta. Fara da nauyin jikinka: dannawa ƙasa da hannu, jan jiki sama a jikin ƙarfe, tsuguno da tashi. In yau ka yi goma, nemi sha biyu a mako mai zuwa. Ƙarfen unguwa na siminti a gwangwani, kada ka ɗaga wanda ya fi ƙarfinka don abokai su yi tafi, kuma kada ka kwanta ƙarƙashinsa babu wanda ke tsaye a kanka. A shekarunka jiki da kansa yake sakin sinadarin da ke gina tsokar namiji, kyauta, abin da manya ke kashe kuɗi suna nema.

Furotin kuwa yana cikin tukunyar Umma. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya da ake awara da shi ya fi kashi ɗaya cikin uku, ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Hatsi yana da ƙarancin wani tubalin furotin da wake ke da shi da yawa, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi ke da shi, shi ya sa shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, suke cike wa juna giɓi. Ƙara da fura da nono, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, busasshen kifi a miyar kuka, ƙwai idan an samu. In kana neman abin da za ka yanke, ga lemon kwalba, ga alewa da biskit, ga shayi mai cokali biyar na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga mai cin kalori 2,000, kuma kwalbar lemo biyu sun wuce da shi. Barci awa takwas zuwa goma, wanda mun san da waya a ƙarƙashin filo ba ya samuwa. Wanda kuma yake ganin ƙibarsa ta yi yawa da gaske, ko tana sa shi haki, a kai shi asibiti a auna tsayi da nauyi a duba, kada ya yanke wa kansa hukunci a gaban madubi.

Ga ɗan aikin gida, tunda kana da sikeli a kusa. Ka koma cin tuwon Umma daga daren yau. Ka hau sikeli da safe kafin ka karya, kwana uku a jere, za ka ga kilo biyun sun dawo. Kada hankalinka ya tashi, ka riga ka san ko mene ne su. Daga nan ka ajiye sikelin, ka samo awon tela, ka auna damtsenka da ƙirjinka da ƙugunka, ka rubuta a bayan littafin bayoloji tare da adadin dannawar da kake iya yi a tashi ɗaya. Ka sake aunawa bayan wata uku, ka aiko mana da lambobin, za mu buga su a nan in ka yarda. Ka gaishe mana da Umma.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan batun da muka ɗage, wato yadda ake tsara jadawalin bita idan jarrabawa ta rage wata biyu.